Kaboyi na tafiya shi kaɗai, mai rubuta shi sai da ayari

Duk wanda ya taɓa yankar tikiti ya shiga gidan sinima a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, a zamanin da sinima ba ta da rufi sai taurari, ya san yadda fim ɗin kaboyi yake ƙarewa. An yi harbe-harbe, ƙura ta lafa, azzalumi yana kwance a tsakiyar hanya, mutanen gari sun fara leƙowa ta tagogi. Shi kuwa jarumin ba ya tsayawa cin tuwon godiya. Sai ya gyara zaman malafarsa, ya ɗare bisa doki, ya ba gari baya, ya nufi inda rana take faɗuwa, ba aboki, ba bara, ba mai rakiya. Samari da yawa sun fito daga wannan kallo suna tafiya ƙafafu a ware, hannu a kan ƙugu, har ta kai Moustapha Alassane ya yi fim a kan abin a shekara ta 1966, Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya komo gida daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye.

Darasin da ake ɗauka daga mahayin nan shi ne, namijin duniya ba ya bukatar kowa. Amma mutanen da suka zauna gaban keken rubutu suka ƙago shi, ranar da sana'arsu ta shiga halin ni-ƴasu, ba su yi koyi da shi ba. Neman juna suka yi. Labarin wannan neman juna ba a taɓa haska shi a farin ƙyalle ba, alhali ya fi na jarumin amfani ga mai neman abin sakawa a bakin salati.

Sana'ar santi ɗaya

Labarin kaboyi a takarda ya fara, tun kafin ya shiga sinima. Owen Wister ya fitar da littafinsa The Virginian a 1902, Zane Grey ya biyo baya da nasa, suka yi suna, suka yi kuɗi. Sai dai mafi yawan masu wannan sana'a ba su kai nan ba. Abincinsu yana cikin wasu mujallu masu araha, da ake bugawa a kan takarda mai kaushi, a sayar santi 10 ko 15, a karanta a jefar. Ana biyan marubuci bisa ƙidayar kalmomi, galibi santi ɗaya kowace kalma, wato kashi ɗaya cikin ɗari na dalar Amurka. Labari mai kalma 5,000 ke nan dalar Amurka 50. Wanda yake da iyali sai ya riƙa zubo kalmomi kamar mai awon hatsi a kasuwa, tiya bayan tiya, ba hutu. Frederick Faust, wanda aka fi sani da Max Brand, ya yi rubutu da sunayen aro kusan ashirin, har akan sami fitowa guda ta mujalla ɗauke da labaransa biyu ko uku, kowanne da sunan wani mutum dabam.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar ta fara zagwanyewa. Takarda ta yi tsada, telebijin ta shigo gidaje, ƙananan littattafai na aljihu suka janye masu karatu. A 1949 kamfanin Street & Smith ya rufe mujallunsa na irin wannan, har da Western Story Magazine wadda take fitowa tun 1919. A 1957 kuma American News Company, babban dillalin da yake rarraba mujallu zuwa kantuna a faɗin ƙasar, ya daina aiki. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da yake faruwa idan babban mai sari ya rufe kanti: kaya suna nan, masu yi suna nan, hanyar fitarwa ce babu.

Ga kuma kaɗaici. Maƙera suna da unguwa, masu goro suna da layi a kasuwa, ma'aikatan gwamnati suna da sandika da inuwar da suke shan iska bayan tashi daga aiki. Marubucin kaboyi kuwa yana wani ƙaramin gari, shi da keken rubutunsa da gidan waya. Masu buga littattafai suna birnin Nuyok, dubban kilomita daga gare shi. Bai san nawa aka biya ɗan uwansa ba, bai san wane kamfani ne yake cika alkawari ba, bai san ko yarjejeniyar da aka aiko masa ya sa hannu ta adalci ce ko ta yankan baya ba.

Mutum shida da wasiƙu

Cikin wannan hali ne, a shekara ta 1953, marubuta shida suka kafa ƙungiyar da suka kira Western Writers of America, ma'ana marubutan labaran yammacin Amurka. Su ne Nelson Nye a Arizona, Norman A. Fox a Montana, Wayne D. Overholser, tsohon malamin lakwal, a Kolorado, D. B. Newton a Oregon, Thomas Thompson a Kalifoniya, da dattijonsu Harry Sinclair Drago a jihar Nuyok. Ba a gari ɗaya suke ba, balle su hau tabarma ɗaya. Tsakanin garin Great Falls inda Fox yake da garin Tucson inda Nye yake, ya fi tsakanin Yamai da Difa nisa. Da wasiƙu aka ƙulla abin, wannan ya rubuta wa wancan, wancan ya rubuta wa wani. Nye ya zama shugaba na farko. A shekara mai zuwa, 1954, aka yi taron farko a birnin Denver, mutanen da suka daɗe suna ganin sunayen juna a bangon mujallu suka ga fuskokin juna.

Sunan da suka ba ƴar mujallar ƙungiyar yana da ma'ana. Sun kira ta Roundup. A ƙasar kiwo ta yammacin Amurka, kafin a kewaye makiyaya da waya, shanun mutane dabam-dabam sukan cakuɗe a daji. Idan bazara ta yi, kowane mai garke ya aiko da mahayansa, a haɗu, a kewaye daji, a koro bisashe wuri ɗaya, kowa ya ware nasa bisa shaidar wuta da ke jikin saniya. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, komai jaruntarsa. Da Hausa gayya ke nan. Lambar yabon da suka ƙago kuma suka sa mata suna Spur, wato ƙaimi, ƙarfen da mahayi yake ɗaurawa a duddugensa. Littafi na farko da ya sami Ƙaimi na Overholser ne, wanda ya rubuta da sunan aro Lee Leighton.

Kuɗin tafiyar da ƙungiya kuwa, ta hanyar da ta yi kama da adashe aka nemo wani sashe nasu. Akan tara gajerun labarai na ƴan ƙungiya, kowa ya kawo ɗaya, a buga su cikin littafi guda, abin da aka samu ya shiga asusu. Mai babban suna yana jawo mai saye, ƙaramin marubuci yana samun sunansa kusa da na babba.

Mai karatu ɗan kasuwa zai iya tambaya: ina dalilin da mutum zai nuna wa abokin gogayyarsa hanyar ciniki, a lokacin da cinikin yake ƙaranci? Amsa tana cikin irin hajar. Wanda ya sayi firji a wannan kanti ba zai sayi wani a wancan ba, sai bayan shekaru. Amma wanda ya karanta littafin kaboyi a daren Juma'a ya ji daɗinsa, ranar Asabar wani yake nema, kuma babu marubucin da yake iya rubuta littafi kowane mako. Littafin ɗan uwanka mai kyau kai ma ciniki yake jawo maka, mummuna kuwa ku duka yake kora wa masu saye. Don haka Roundup ta riƙa ba da labarin kasuwa: wa yake saye, me yake so, wace ƙofa ta rufe, wace ta buɗe. Lokacin da telebijin ta rungumi labaran kaboyi, har a 1959 aka sami fiye da shiri 25 na irinsu cikin shirye-shiryen dare, wasu daga cikinsu can suka koma neman abinci. Thompson ya yi shekaru yana rubuta wa shirin Bonanza.

Bayan ciki akwai mutunci. Manyan masu sharhin adabi na gabashin ƙasar suna kallon labarin kaboyi kamar yadda mai babbar riga yake kallon ɗan tebur. Da aka hana su kujera a zauren manya, sai suka gina nasu zauren, suka ce wanda ya san wahalar aiki shi ya kamata ya auna shi. A cikin zauren nan mata ma sun sami wuri. Shekaru hamsin kafin nan, Bertha Bower sai da ta ɓuya bayan haruffa biyu, B. M. Bower, don kada masu karatu su gane mace ce. Dorothy M. Johnson ta Montana kuwa da sunanta ta karɓi Ƙaimi tun cikin shekarun farko. Daga gajeren labarinta ne John Ford ya yi fim a 1962 da John Wayne da James Stewart, wanda masu kallo a ƙasashen Faransanci suka sani da L'Homme qui tua Liberty Valance.

Mai ba da labarin farashin awaki

In ana son ganin amfanin wannan zaure, sai a dubi rayuwar Elmer Kelton. An haife shi a 1926 a wata gonar kiwo ta yammacin Tekzas. Ubansa kaboyi ne na gaske, shugaban mahaya a gonar McElroy kusa da garin Crane, kakansa ma haka. Shi kuwa yaron idonsa ba ya gani nesa, ba ya iya hango saniya sai ta wuce shi, ƙannensa duk sun fi shi iya doki. Uwarsa, wadda ta taɓa koyarwa a lakwal, ta koya masa karatu tun yana ƙarami, ya sami mafaka cikin littattafai. Ranar da ya gaya wa ubansa yana son zama marubuci, tsohon ya yi masa wani kallo, ya nuna masa cewa ƴaƴan zamani ba abin da suke so sai ci ba tare da aiki ba.

Ya yi soja a Turai a ƙarshen yaƙi, ya haɗu da wata yarinya a Ostiriya, ya aure ta a 1947. A shekarar ne ya sayar da labarinsa na farko ga mujallar Ranch Romances, a hannun edita Fanny Ellsworth. Wato ya shigo sana'a daidai lokacin da take rushewa. Saboda haka bai taɓa dogara da ita ba. Daga 1948 har zuwa 1990, shekara 42, ɗan jarida ne a garin San Angelo mai ba da labarin noma da kiwo: shekara goma sha biyar a jaridar garin, shekara biyar yana editan mujallar masu kiwon tumaki da awaki, sauran shekarun a jaridar mako-mako ta Livestock Weekly. Da rana yana kasuwar bisashe yana rubuta farashin rago da na ulu, da dare da ranakun hutu yana rubuta labarai. Duk ma'aikacin da yake da wata sana'a bayan tashi daga aiki ya san irin wannan gajiya.

A wannan aiki ne ya ga farin da ya kama Tekzas daga 1950 zuwa 1957. Shekara bakwai yana zagaya gonaki, yana ganin masu garke suna babbake ƙayar wani tsiro don bisashe su sami abin ci, suna sayar da shanu a wulaƙance, suna cin bashi, daga baya su bar ƙasar da aka haife su. Ya rubuta littafi a kan haka, masu bugawa suka ƙi shi: ba harbi, ba ɗan fashi, sai wani dattijo mai taurin kai, Charlie Flagg, da yake kallon sama kullum ba girgije, ya kuma ƙi karɓar taimakon gwamnati don kada a sa masa linzami. Sai a 1973 littafin ya fito, da suna The Time It Never Rained, wato lokacin da ruwa ya ƙi sauka. Mutanen Sahel ba su bukatar a tuna masu abin da shekara ta 1973 take nufi. A daidai lokacin da makiyayan Adar da Damargu suke barin gawarwakin shanunsu a bakin rijiyoyi, wani mutum a Tekzas yana ba da labarin irin wannan kuka da harshen Ingilishi.

Littafin da masu bugawa suka daɗe suna juya wa baya, ƴan uwansa marubuta suka ba shi Ƙaimi. Shekara biyu kafin nan sun ba shi wani, saboda littafinsa The Day the Cowboys Quit, wanda ya ginu a kan abin da ya faru da gaske a 1883, lokacin da mahayan manyan gonakin arewacin Tekzas suka yi yajin aiki. Sun nemi ƙarin albashi, sun kuma ƙi dokar da masu gonaki suka kafa ta hana kaboyi mallakar ƴan shanunsa. Yajin ya ɗauki kamar wata biyu da rabi, bai yi nasara ba, domin masu gonaki sun sami wasu mayunwata da suka hau dawakin. Kelton ya sha faɗa cewa shi bai iya rubuta jarumi dogo wanda ba a kayar da shi ba. Mutanensa matsakaita ne, masu fargaba. Irin mutanen da yake gani a kasuwar awaki ke nan.

Ƙaimi bakwai ya karɓa a rayuwarsa. Amma abin da abokan sana'a suka fi tuna shi da shi, shi ne yadda yake zuwa taron shekara, ya zauna da wanda bai taɓa buga komai ba kamar yadda yake zama da manya, ya amsa tambaya, ya ƙarfafa gwiwa. A 1995 ƴan ƙungiyar suka kaɗa ƙuri'a don zaɓen wanda ya fi kowa a tarihin wannan fanni. Akwai Zane Grey. Akwai Louis L'Amour, wanda kafin rasuwarsa a 1988 an buga littattafansa fiye da kwafi miliyon 200, shugaban ƙasa ma ya rataya masa lambar girma a 1984. Amma ƙuri'a ta faɗa kan mai ba da labarin farashin awaki na San Angelo. Kasuwa tana da nata ma'auni, hukuma tana da nata, ƴan sana'a kuma da nasu suka auna. Kelton ya rasu a 2009 a garin da ya yi aiki, mutanen garin suka kafa mutum-mutuminsa a ɗakin karatu.

Abin da zumunci ba ya iyawa

Kada mai karatu ya ɗauka zumunci ya komo da kasuwa. Bai komo da ita ba. Daga shekarun 1970 masu kallo da masu karatu suka juya ga labaran ƴan sanda da na leƙen asiri da na sararin sama, wurin da kantunan littattafai suke ware wa kaboyi ya riƙa tsukewa. Da yawa sun rayu ne ta hanyar yin rubutu ƙarƙashin sunan da kamfani ya mallaka. Jerin littattafan Longarm, da aka fara a 1978, dukansu suna ɗauke da sunan Tabor Evans, alhali babu wani mutum mai wannan suna: hannuwa da yawa ne suke karɓa-karɓa. A Landan ma, cikin shekarun 1970, an sami wasu ƴan Ingila abokan juna, irin su Terry Harknett, Laurence James, Angus Wells da John Harvey, waɗanda ake yi wa laƙabi da kaboyin Piccadilly, saboda yammacin Amurka a littafi da sinima suka san shi. James da Harvey sun raba sunan aro ɗaya, wannan ya rubuta littafi, wancan ya rubuta na gaba, kamar mutum biyu masu rumfa guda a kasuwa. Ba ɗaukaka a cikin irin wannan aiki, sai dai tukunya ba ta kwana a kife ba, kuma galibi aboki ne yake gaya wa aboki inda ake neman hannu.

Kuma inda duk ake raba lambar yabo, ba a rasa wanda zai koma gida da ƙunci, haka ɗan Adam yake. Duk da haka ƙungiyar mutum shida ta haura shekara saba'in, tana taro kowace shekara, tana ba da Ƙaimi, ta buɗe ƙofa ga masu rubuta tarihi da waƙa, da waɗanda suke ba da labarin ta bakin ƴan asalin ƙasar, mutanen da tsofaffin finafinai ba su nuna su ba sai suna faɗowa daga kan doki. A 2010 wasu marubuta, cikinsu har da Robert Randisi da James Reasoner, suka kafa wata ƙungiyar, Western Fictioneers, don masu riƙe da tsohon salon. Mujallun santi 10 duk sun mutu, kamfanonin da suka buga su sun watse, wasiƙun 1953 kuwa har yanzu suna haihuwa.

Ko shi kaboyin na gaske, wanda ya kora shanu daga Tekzas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene tun daga 1867, bai taɓa tafiya shi kaɗai ba. Garke mai kai 2,000 zuwa 3,000 yana bukatar mahaya goma ko goma sha biyu, da shugaban tafiya, da mai dafa abinci, da mai kula da dawaki. Wata biyu ko uku ana tafe, da dare a raba gadi, wannan ya kwanta wancan ya tashi, kuma da yawa daga cikinsu baƙar fata ne ko ƴan Meksiko. Jikokin fataken da suka je Gwanja sun san wannan tsari: akwai madugu, akwai jagaba, akwai uban dawaki, wanda ya ware daga ayari kuwa kura ce take yi masa jana'iza. Marubutan sun san haka sarai, domin wasunsu a cikin garke aka haife su. Sun sayar wa duniya mahayin da ba ya waiwaye, saboda shi kasuwa take so, su kuma suka riƙe adireshin junansu.